Faɗuwa da Tashin 'Yar Fim: Abin da Ake Hangowa Daga Dichemso

A yawancin gidajen Dichemso a nan Kumasi, haka ma Aboabo da Asawase da Alabar, masana'antar fim biyu ake bi lokaci guda. Da rana a kalli na Kumawood, masana'antar Kumasi, da Tonanci, harshen Asante, wanda wataƙila a bayan layinmu aka ɗauke shi. In dare ya yi a koma Arewa24 ko YouTube, a bi Daɗin Kowa da Labarina da sauran shirye-shiryen Kano masu dogon zango. Zaman nan tsakanin gari biyu ya sa muna ganin abin da Bakano ko mutumin Akra ba lalle ya lura da shi ba, wato yadda kowane ɓangare yake yi da macen da duniya ta kayar, da dalilin da ya sa wata take miƙewa ta ci gaba da sana'arta, wata kuma a daina jin ɗuriyarta.

Jaruma ta ɓace shekara biyu ta dawo, sai ka ji ana cewa haƙuri ne ya yi mata rana, ko masoyanta ne suka riƙe ta da addu'a. Ban musa ba. Amma in ka jera labaran matan nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, abu biyu za ka tarar suna raba gardama. Wace irin masifa ce ta same ta? Sannan ranar da aka juya mata baya, tana da wani abu nata na kanta da za ta dafa? Na biyun ya fi na farkon nauyi, ko da yake ba a cika faɗarsa ba.

Mu fara da 'yar gida. Nana Ama McBrown a Kumasi aka haife ta a 1977, a Kwadaso ta girma. Da ta je kamfanin Miracle Films neman a sa ta a fim, aikin kula da tufafin 'yan wasa aka fara ba ta, kafin darakta Samuel Nyamekye ya fito da ita a matsayin jarumar That Day a 2001. Cikin shekara goma ta zama fuskar da ko yaro ya sani a ƙasar Asante. A watan Janairun 2013 ta yi mummunan hatsarin mota a Lapaz, kan babban titin N1 na Akra, hannunta na dama ya ji ciwon da ya daɗe bai sake ta ba. An yi mata aiki ba sau ɗaya ba, a 2021 ma sai da ta ajiye komai ta tafi Jamus aka sake yi wa hannun tiyata. Ga kuma ɗaya jarrabawar, wadda kowace macen zango ta san raɗaɗinta: shekaru tana neman haihuwa, bakin mutane bai bar ta ta huta ba, sai a Fabrairun 2019 Allah ya ba ta 'ya mace a Kanada, tana da shekara 41.

Lokacin da hatsarin ya zo shi ne abin dubawa. A shekarun ne kasuwar faifan Kumawood ta fara tangal-tangal. Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya mai da talabijin kayan ado, masu kwafar faifai suna cinye ribar mai fim tun bai mai da uwar kuɗinsa ba, sannan a 2015 tashar Adom TV ta fara nuna Kumkum Bhagya, wasan Indiya da aka sa wa muryoyin Tonanci, matan Kumasi suka koma can ɗungurungum. Kano ma haka ta sha a hannun fassarar Indiya-Hausa, kusan a lokaci ɗaya. Da a ce fim kaɗai McBrown ta riƙe, da ta warke ta tarar kasuwa ta watse. Sai ta mai da sunanta jari. Ta buɗe McBrown's Kitchen, shirin girki da hira wanda nata ne, ta riƙe United Showbiz a UTV shekaru, kamfanoni suna neman ta yi musu talla, a Maris 2023 kuma ta koma Onua TV masu kallo suka bi ta. Wanda ya ce masoya ne suka dawo da ita rabin gaskiya ya faɗa. Ita ce ta tanadi wurin da masoyan za su same ta, wurin da makullinsa ba ya hannun wani darakta.

Kuma ba wanda ya kira taro don a duba ko ta cancanci dawowa. Ciwo ne, kowa ya yi mata sannu. A wannan Kano da Kumasi duk ɗaya ne. Da rashin lafiya ta kwantar da jarumar Kano Maryam Yahaya a 2021, an yi ta surutun jifa da sammu yadda muka saba, amma da ta samu sauƙi ta koma gaban kyamara ba wanda ya tare mata hanya. Ciwo da hatsari da rashin iyaye, Bahaushe ya san daga Allah suke, ba ya tuhumar mai su. Matsala tana farawa ne daga inda ake ganin mace tana da hannu a abin da ya same ta, ko da a zahiri ba ta da shi.

Aure ya fi komai fitar da mata daga Kannywood. Tun zamanin finafinan Sangaya da Wasila, wajen 1999 zuwa 2000, al'adar ɗaya ce: ranar da aka ɗaura wa jaruma aure, ranar ta yi sallama da kyamara. Fati Muhammad tana kan ganiyarta ta tafi. Mansurah Isah ta auri Sani Danja a 2007 ta bar fitowa, shi kuwa angon ya ci gaba da rawa da waƙa a finafinai, ba wanda ya ga abin magana. Namiji zai ajiye mata huɗu a gida yana jarumin soyayya a waje. Saboda haka a Kano, in an ce wance ta dawo fim, yawanci aurenta ne ya mutu. Dawowar da kanta ita take shelar baƙin cikinta, kuma kafin ta buɗe baki an riga an yanke: 'yan fim ba sa zaman aure.

Maganar nan har a zango ana maimaita ta, alhali ba ta da tushe. Ba 'yan fim suka kawo wa Kano mutuwar aure ba. Yawan zawarawa ne ya sa gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso da Hukumar Hisba suka fara auren zawarawa a 2012, kuma matan da aka aurar ɗin ba daga wurin ɗaukar fim aka kwaso su ba. Sakin 'yar fim dai a bainar jama'a ake yin sa, na maƙwabciyarka kuwa iyakarsa tsakar gida. Mu da muke maimaitawa mu ne abin mamaki. Iyayenmu mata da aurensu suke cin kasuwar Kejetia, da aurensu suke ɗora tukunyar shinkafa da wake tun asuba, su ciyar da rabin unguwa, su biya kuɗin makarantar yara. McBrown ta yi aure a 2016 ba ta bar aikinta ba. Da idonmu mun ga aure da sana'a suna zama gida ɗaya, amma in aka zo kan 'yar Kano sai mu ɗauko hukuncin da wasu suka yanke mu yi ta yayatawa.

Bazawarar da ta dawo bayan shekara goma ba wurin da ta bari take tararwa ba. Gurbin budurwar da ake rera wa waƙa ya koma hannun 'yan shekara sha tara. Ko dai ta yarda ta fito uwa ko uwargida, ko ta zo da kuɗinta ta shirya nata. Mansurah ta biyun ta bi. A 2021, shekarar da ta bayyana cewa aurenta ya ƙare, ta fito da Fanan a matsayin furodusa, fim ɗin da waƙarsa ta zaga har shagunan kitsonmu. Ba ta zauna jiran wani darakta ya tuna da ita ba.

Sai mu zo kan mai wuyar, wato abin kunya. A 2007 wani gajeren bidiyo na sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya bazu a Kano, a ciki akwai wata jaruma da take tashe a lokacin. Ba zan kama sunanta ba, ta bar harkar ta yi aurenta, ta cancanci a ƙyale ta. Ba fim ba ne, ba a wurin aiki aka ɗauka ba, namijin da ke ciki ma ba ɗan fim ba ne. Duk da haka masana'antar gaba ɗaya ta ɗanɗana kuɗarta. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa tun 2001. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka ɗaure Adam A. Zango a 2007 ɗin, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan Tama a ƙarshen 2008, masu shirya fim da dama suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da Jos. Mazan biyu sun fito sun ci gaba da rayuwarsu a idon jama'a, Adam Zango ma sunansa ƙaruwa ya yi. Ita kuwa jarumar ba ta sake komawa inda take ba. Abin da ake mantawa shi ne, ana tsakiyar wannan guguwa direbobin haya suka riƙa liƙa hotonta a motocinsu. Ke nan ko a Kano ba kowa ya yarda da hukuncin ba. Sai dai tausayin direba ba ya buɗe wa mace kamfani, kuma a 2007 hanyar fim zuwa ga mai kallo ɗaya ce tak, ta kasuwar Ƙofar Wambai take bi.

Shekara tara bayan haka aka sake gwada irin wannan hukunci, sai ya haifar da wani abu dabam. A farkon Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korar Rahama Sadau daga Kannywood, saboda ta fito a bidiyon waƙar ClassiQ, mawaƙin Jos, suna riƙe hannu da rungumar juna. 'Yar Kaduna ce da ta shigo a 2013 ta hannun Ali Nuhu, cikin shekara uku ta shiga sahun gaba. Mawaƙin ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba abin da ya same shi. Da a 2007 ne, da magana ta ƙare a nan. Amma a watan da aka kore ta tashar EbonyLife ta Mo Abudu ta fara nuna Sons of the Caliphate, shiri mai dogon zango da Turanci a kan gidajen sarauta da siyasar Arewa, tana cikin manyan jarumansa. Ana rufe mata ƙofa a Kano, ashe ta riga ta samu wurin zama a Kudu.

Abin da Rahama take da shi ba ɓoyayye ba ne. Tana jin Turanci, tana jin Indiyanci, don haka kasuwarta ba ta tsaya a kan masu jin Hausa kaɗai ba. Tana da kamfaninta, Sadau Pictures, wanda ya fitar da Rariya a 2017, fim ɗin Hausa da manyan 'yan Kannywood a ciki, alhali korar tana nan ba a janye ba. Tana da ɗimbin mabiya a Instagram waɗanda ba ƙungiyar da za ta iya kora. Ta dai bi al'ada, ta nemi afuwa a 2017, aka ɗage hukuncin a farkon 2018. Amma mai lura ya san lokacin da afuwar ta zo ba ita kaɗai take bukatarta ba. Masana'antar da kasuwar faifai ta mutu a hannunta ba ta da halin zubar da fuskar da ke kawo ciniki. A 2018 ɗin ta fito a MTV Shuga da Up North.

A Nuwamban 2020 aka sake. Ta sa hotunanta sanye da wata doguwar riga mai buɗaɗɗen baya, wani ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a ƙarƙashin hoton, gari ya ɗauki zafi, ta goge hotunan, ta fito a bidiyo tana kuka tana nesanta kanta da maganar. Da yawa sun ce wannan karon kam tata ta ƙare. A 2022 sai ga ta a Chief Daddy 2 a Netflix, sai ga ta a fim ɗin Indiya Khuda Haafiz 2 tare da Vidyut Jammwal. Na ga yadda labarin ya iso wani shagon ɗinki a kan hanyarmu ta zuwa Manhyia. An ɗauke wuta, kekuna sun tsaya, 'yan koyo sun jingina waya a jikin gwangwanin allurai sun kewaye ta, ɗaya tana fifita gawayin dutsen guga ido na kan wayar. Wata dattijuwa da ta zo karɓar ɗinkin suna ta leƙo.

"Ku 'yan nan, wannan ba ita ce aka ce an kora ba?"

"Ita ce, Mma Hajiya. Yanzu har Indiya take yi."

Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "To, wa ya kori wa ke nan?"

Kada a yi mini mummunar fahimta. Al'umma tana da haƙƙin ta ce ga iyakarta, kuma mu a zango Musulmi ne kafin mu zama 'yan kallo. Rahama ta san dokar ƙungiyarta lokacin da ta shiga bidiyon nan, da ƙafarta ta je. Wanda ya ga ta yi kuskure bai yi laifi ba. Abin da nake so a duba shi ne wa hukuncin yake kamawa da gaske, domin shekarar da Rahama ta tsallake karo na biyu ita ce shekarar da wata ta faɗa, ita kuwa ba ta zaɓi komai ba.

Safiya Yusuf, wadda duniya ta sani da Safara'u a Kwana Casa'in, shirin siyasar garin Alfawa da Arewa24 ta fara a 2019, tauraruwarta tana cikin haskawa lokacin da wani bidiyonta na sirri ya fita ba da yardarta ba. Aka cire ta daga shirin, aka sa wata a gurbin. Daga baya ta shaida wa BBC Hausa cewa sai da ta yi kusan wata uku ba ta fita daga gida ba. Ba ta da kamfani, ba ta da kasuwa a Legas, sunan da aka san ta da shi ma na shirin ne. Da ta sake fitowa waƙa ta koma, tare da Mr 442, da salon da ya ƙara jawo mata zagi. Ni ma ba salon da nake so ba ne. Amma waɗanda suka toshe mata hanyar farko su suka fi kowa ɗaga murya a kan ta biyun, kuma ban ji suna tambayar wa ya fitar da bidiyon ba. Wadda ta yi abu da ganganta ta dawo saboda tana da jari, wadda aka yi wa ta'adi ta rasa gurbinta saboda ba ta da shi. In haka hukunci yake aiki, to ƙarfin mutum yake aunawa, tarbiyya kuwa suna ce kawai aka ara.

Sauyin da aka samu daga fim zuwa shiri mai dogon zango ya ƙara wa abin tsanani. A zamanin faifai, fuskar jaruma a jikin fosta ita take sayar da kaya. Ɗan kasuwar Ƙofar Wambai kafin ya zuba kuɗi sai ya tambaya wa da wa ke ciki, saboda haka tauraruwa tana da bakin magana. Yanzu labarin ne yake riƙe mai kallo, labarin kuma na mai tasha ne. Kuɗin talla wurin tasha yake zuwa, kuɗin kallo a YouTube asusun mai shafi yake shiga, 'yar wasa kuwa a sallame ta a kan abin da aka yi ciniki. Mai talla ba ya son sunan kayansa kusa da abin magana, don haka in ƙura ta tashi, cire mutum ɗaya ya fi arha a kan rasa mai ɗaukar nauyi. Shiri mai dogon zango kamar motar haya ce a tashar Kejetia, in ka sauka ko da ruwa za ka saya, kafin ka juyo an cike kujerar an tashi. Ko wadda ta sauka don kanta haka ne. Da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina na Aminu Saira, an yi ta cewa shirin ba zai kai labari ba in babu ita. Aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, aka yi gunaguni, aka ci gaba da kallo.

Amma fa dogon zangon yana da nasa alherin. Fim ɗin awa biyu saurayi da budurwa yake bukata, saura cikon benci ne. Shirin da zai yi shekaru kuwa gari guda yake ginawa, dole a samu uwa da goggo da kaka da mai ƙosai da matar mai unguwa. Daɗin Kowa, wanda ya ci kyautar Africa Magic a 2016, da irin waɗannan mutane ya rayu. Macen da ta dawo yau tana da shekara arba'in tana da gurbin da babu shi a 2005.

Sai dai gurbi daban, abin kaiwa baki daban. A farkon 2022 Ladin Cima, dattijuwar da ta shafe shekaru masu yawa a harkar, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa biyar, ga matsalar muhalli tana fama da ita. Wasu masu shirya fim, ciki har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba. Aka yi ta ja-in-ja. Ko wa ya fi gaskiya a lissafin, abin da rigimar ta tona shi ne babu tsayayyen farashi, babu fansho, babu wani tanadin jinya da ɗan wasa zai jingina da shi. In ya kwanta sai dai a ɗauki hotonsa a gadon asibiti a sa lambar asusu a Facebook. Kumawood ma haka, mun sha ganin tsofaffin 'yan wasanmu a talabijin suna neman kuɗin magani, ga katin inshorar lafiya a aljihu amma bai kai inda ciwon ya kai ba. Masu taimako da aljihunsu suna nan, Allah ya saka musu. Ƙungiyoyin ne dai na ga sun fi saurin haɗuwa in za a hukunta mace fiye da in za a yi mata jinya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yaran zango yanzu ba kallo kaɗai suke yi ba. Lungu-lungu akwai masu ɗaukar gajeren wasa da waya, da Hausarmu ta nan gauraye da Tonanci, suna sawa a TikTok, kuma akwai 'yan matan da burinsu Kano. Ba mafarkin banza ba ne. Hadiza Aliyu a Libreville ta ƙasar Gabon aka haife ta, daga can ta je ta shiga cikin manyan Kannywood, yau kuma tana da shirin hira nata na kanta a YouTube, ita take gayyato mutane. Yarinyar da ta dage, iyayenta kuma suka amince, ta yi karatu ko ta riƙe sana'ar hannu. Ta buɗe shafinta da sunanta tun tana tashe, kada ta bari sai ranar da aka cire ta. Abin da za a biya ta a rubuta shi a takarda, ko da furodusan ƙanin babanta ne.

Saura mu 'yan kallo, da muke yanke hukunci ba mu saurari wadda ake ƙara ba. Irin bidiyon nan ba aljanu suke kawo shi Kumasi ba. Daga waya zuwa waya yake zuwa, ta rukunin WhatsApp na tsofaffin 'yan aji da na 'yan biki, kowa ya tura yana cewa a'uzubillahi, da kuɗin datar da ya saya da guminsa. Addinin da muke cewa muna karewa kuwa ya fi mu tsanani a nan. Suratun Nur shaidu huɗu ta nema kafin a jefi mace da alfasha, wanda ya kasa kawo su bulala tamanin ce tasa, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Malamanmu na zango suna da mumbari kowace Juma'a. Na sha jin huɗuba a kan shigar 'yan fim, ina jiran wadda za a yi a kan mai tura bidiyo.

Wanda wa'azi bai ratsa shi ba, ya sani dokar ƙasar nan ta riga ta yi magana. Dokar tsaron intanet ta Ghana ta 2020, mai lamba 1038, ta mai da yaɗa hoto ko bidiyon tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, don a muzanta shi, laifin da hukuncinsa ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku ne, kuma ba ta ware 'yar fim ba. In irinsa ya faɗo wayarka gobe, ɗan uwa, kada ka tura wa kowa, ka goge shi.